Kakana da Ya Cire Rufin Gidansa Hadari na Tafe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin Babana, ya rasu da hantsin Talatar da ta wuce a gidan Gwaggo da ke Jiwa, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, kwana uku ke nan ina zaune a ɗakin mata ina jin ana yi wa mamaci ƙarya, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa.

Wani malami da ko shayi bai taɓa sha da shi ba ya zauna a tabarmar ƙofar gida, ya gyara murya ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho. Bawan Allah ne mai kyautata wa kowa zato." Ta taga muka jiyo shi. Na tusa gefen hijabina a baki. Gwaggo ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari, amma ita ma kafaɗunta rawa suke yi, kuma har yau ban san ko kuka take ko dariya ba.

Waɗanda suka san shi da gaske daga Mpape suka zo, daga layinmu na gindin dutse. Bakatsinen da ke da shago a bakin layin ya riƙe hannun Baba ya daɗe, sannan ya rage murya ya ce, "Kun dai duba da kyau ko? Tsohon nan zai iya miƙewa ya rufe ido don kawai ya ga wa zai fara kai hannu kan rediyonsa." Da nufin ban dariya ya faɗa, sai hawaye suka riga shi. Mama Mai Gwate kuwa, maƙwabciyarmu Kirista 'yar Filato, da tukunya a ka ta shigo. Ta dire ta a tsakar gida, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Shekara goma sha biyu," in ji ta da Hausarta ta Abuja wadda ba ruwanta da mace da namiji, "Baba bai taɓa ci abinci na ba sai na fara ci a gaban shi. Cokali uku. Yanzu wa zan ɗanɗana ma?"

To wannan shi ne Kakana. Agogo biyu yake ɗaurawa, ɗaya a kowane hannu, don ɗaya ya sa wa ɗaya ido. Ranar da suka nuna lokaci iri ɗaya sai ya ce sun haɗa baki. In likita ya ba shi magani, sai ya ajiye kwana biyu tukuna, ko za a aiko a ce an yi kuskure. In ka gaishe shi da fara'a, me kake nema? In ka gaishe shi ba fara'a, me kake ɓoyewa? Ni kuwa tun ranar da Baba ya saya min waya ya raɗa min suna 'Yar Rahoto, ya hana a yi maganar sirri kusa da ni, har da sirrin inda yake ɓoye goro, wanda ko akuyar gidanmu ta sani. Kullum maganarsa ita ce, "Ba yunwa ke kashe kifi ba, yarda da tsutsa ce."

Magini ne shi a ƙuruciyarsa, daga baya ya koma aikin fasa dutse har ƙarfi ya ƙare. Duk sabon ɗan haya da ya tare a layinmu sai ya zaunar da shi a benci ya yi masa tambayoyin da ko ɗan sanda sai ya ji kunyar yi: daga ina, ɗan wa, me ya koro ka. In an gama, washegari sai mutumin ya tashi ya tarar da Kaka yana toshe masa tsagar bango da laka, ba a roƙe shi ba. In aka yi masa godiya sai ya ce, "Ba don kai ba ne. In bangonka ya faɗi, kaina zai faɗo."

Zarginsa yana da asali. Sau biyu ana rushe masa gida a garin nan kafin a haife ni. Na farko, an yi shela cewa kowa ya fito fili a rubuta sunansa za a ba da sababbin filaye. Suka tafi da farar riga da hula. Kafin su dawo katafila ta gama aiki, har tukunyar marigayiya Kakata ta zama faranti. Na biyu bai jira ba. Da ya tabbatar abin ya zo, ya hau ya cire kwanon rufi da ƙofa da taga, ya bar musu bangon su ci. Da wannan kwanon ya rufe gidanmu na Mpape, gidan bulon laka mai ɗaki uku da ya gina da hannunsa. In rana ta take tsaka, haske kan shigo ta tsofaffin ramukan ƙusa kamar rariya.

Daga nan ya kafa doka, kuma duk layin suka haddace ta kamar karatun allo. In ana barazana, zauna daram, domin layin da babu mutane shi ake fara ci. Amma ran da ka ga mai gida ya fara cire kwanonsa, magana ta ƙare, kwashe abin da za ka iya.

Sai damunar bara ta zo. An yi mako guda ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, hanyar layinmu ta zama kamar kunun tsamiya. Wata Litinin da safe farar mota ta shigo da lasifika a ka, ana shela da Turanci da Hausa: gagarumar guguwa da ruwa na tafe cikin kwana biyu ko uku, irin wadda ba a saba gani ba, duk wanda ke zaune a gindin dutse ya sauka makarantar firamare ta ƙasa har abin ya wuce. Saƙon ya shigo wayata ma. Na kai wa Kaka ina karantawa da muryar masu labaran rediyo.

Ya saurara yana tauna goro. "Iskar ce ta ba su lambar wayarta?"

"Kaka, na'ura ke gare su, tana hango hadari tun daga nesa."

"Na ga masu na'urar. Mutum uku suka sauko daga motar. Kin ga wanda ya ɗaga kai ya dubi sama a cikinsu? Gidaje suke kallo. Ɗaya ma ƙirgawa yake da biro. Wancan karon fili suka ce, yanzu makaranta. An dai samu ci gaba, wannan karon akwai inuwa."

Ya ja bencinsa zuwa ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gan shi, ya zauna ya harɗe ƙafa.

Babana direban tifa ne, tsakuwa yake ɗauka daga wurin fasa dutsen da ke bayan tsaunin. Shi ya ga abin da ya tsorata shi: ruwa na tsattsafowa daga jikin tudun a wuraren da bai taɓa ganin ruwa ba, ga nakiyar da ake fasawa kullum tana girgiza ƙasa har kofunanmu na rawa a kan tire. Umma ta riga ta ɗaure kaya a zani ta tura ƙarƙashin gado. Da yamma Baba ya durƙusa gefen bencin, kansa a ƙasa. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, amma jijiyar wuyansa ta fito kamar igiyar guga.

"Baba, ina so in sauke yara ƙasa."

"Sauke. Yaranka ne. Gida nawa ne."

"Ka san ba zan tafi in bar ka ba."

"To kai ka jiyo. Ni ban ɗaure ka ba."

"Baba, ba katafila ba ce wannan karon."

"Ta gaya maka? Ko kai ma an ba ka biro?"

Baba ya tashi ya shige ɗaki. Ya ƙi cin tuwo, Kaka ma ya ƙi, ni na taimaka musu duka biyun.

Tun da an riga an ba ni suna, na ce bari in yi aikinsa. Na bi layin gida gida ina leƙe. Gida goma sha uku ne, kuma babu inda aka ɗaure ko tsinke. Ko'ina tambaya ɗaya ake yi min: "Tsoho ya tashi?" Gidan Mama Mai Gwate shi ne na can ƙarshe, dutsen ya sunkuyo a kansa kamar mai leƙen tukunya. Jikokinta huɗu na wasa a tsakar gida, ƙaramar ko yaye ba a daɗe da yi mata ba.

"Mama, ba za ku sauka ba?"

"In je ina? Baba yana zaune, abi? In Baba yana zaune, ƙarya ne. Ran da ya tashi, ni ma na tashi. Wannan mutumi ko sauro bai taɓa cuce shi ba."

Na koma na kwashe duka na gaya wa Kaka, ban ƙara ko gishiri ba, abin da ba kasafai nake yi ba. Na ce, "Gida goma sha uku kai suke kallo. Har 'yar yayen Mama a kan bencinka take zaune."

Ya dube ni ta saman ido. "Ubanki ne ya shirya miki wannan maganar?"

"Wallahi a'a."

"Uwarki ce ke nan."

Amma goron da ke hannunsa bai kai shi baki ba.

Washegari da hantsi ya ɗauko tsohuwar gudumarsa ta fasa dutse da sandarsa, ya ce zai je duba wata akuya. Mu akuyarmu tana ɗaure a gabansa. Na bi shi a ɓoye, ko taku goma ban yi ba ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Wuce gaba inda zan riƙa ganinki." Muka hau ta bayan gidan Mama, yana tsayawa yana haki, yana cewa takalmina yake dubawa ko na sata ne. Da muka kai gindin babban dutsen ya buga masa guduma, ya manna kunne. Ya matsa gaba ya sake bugawa. Sau wajen bakwai. Sannan ya ga wata tsaga a ƙasa, doguwa, ta bi bayan gidajen sama kamar an ja layi da wuƙa. Ya zura sandarsa a ciki. Ta shige har mariƙi, ba ta taɓo komai ba. Ya zaro ta da jan laka yana ɗiga.

"Kaka, me ka ji?"

"Na ji wata yarinya mai surutu."

"Masu motar sun yi gaskiya ko? Sai ka sauka ka gaya wa mutane."

Ya daɗe yana kallon rufin gidajen da ke ƙasa da mu, da hayaƙin murhun Mama. Ya ce, "Shekara goma sha biyu ina koya musu kada su yarda da kowa. Kina ganin ni za su ware? In na buɗe baki na ce ruwa, kafin azahar za a ce an ga buhun shinkafa ya shiga gidana."

Da muka sauko bai shiga gida ba. Shagon Bakatsine ya wuce ya ari tsani, wanda shi kaɗai ne a layin. Ya jingina shi a bangonmu, ya soke ƙarfen cire ƙusa a ƙugu, ya fara hawa, mutumin da sai an riƙe shi yake hawa tabarma. Baba ya fito da gudu ya rungume tsanin.

"Baba, me za ka yi?"

"Ba tashi kake so a yi ba? Ni ba na tashi in bar kwanona. Ko ka hau ko ka matsa."

Baba ya hau. Duk wanda aka taɓa rushe wa gida ya san kukan da ƙusa ke yi in ana zare ta daga kwano. Ƙusa ta farko ta yi ƙara, sai na ga labulen ƙofofi na ɗagawa. A ta uku layin ya cika. Bakatsine ya zo da ludayin awon mai a hannu ya manta bai ajiye ba.

"Baba, lafiya? Sun zo ne? Katafila ce?"

"Ni na ce katafila? Kwanona ne, na ga dama na cire."

"Baba, don girman Allah, in ka ji wani abu ka faɗa mana."

"Ban ji komai ba. Kowa ya zauna abinsa."

Da a ce ya yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa katafila na tafe, da wataƙila wasu sun yi gardama. Amma Kaka ya ce kowa ya zauna? Nan take aka tabbatar ya san abin da ba a sani ba. Kafin labarin ya kai bakin layi katafilun sun zama bakwai, da sojoji a mota uku. Biyu daga cikin katafilun ni na ƙara, Allah ya yafe min. Shelar hukuma da lasifika da saƙon waya ba su motsa ko muciya ba, amma cikin sa'a uku layinmu ya koma kamar tashar mota ranar jajiberin salla. Katifu a ka, tukwane a baro, kaji a kwando, wani na ga ya rungumo fanka yana gudu da wayarta tana jan ƙasa. Yawancinsu 'yan haya ne, rufin ba nasu ba ne, don haka ba wanda ya tsaya cire kwano. Mama Mai Gwate ce kaɗai mai gidan kanta, ta zo tana neman tsani.

"Ba zan bayar ba," in ji Kaka. "Kwanonki duk tsatsa, ko katafila sai ta yi allurar rigakafi kafin ta taɓa shi. Ɗauki jikokinki ki yi gaba."

"Baba, kai mugu ne."

"Na ji. Ƙirga su, huɗu ne."

Shi ne na ƙarshen sauka. Aka loda kwanon da ƙofar a bayan tifar Baba, ya ƙi shiga gaba, ya hau ya zauna a kan kayan don kada a sace a hanya. Hanyar da ba ta fi a kira mutum ya amsa ba.

Muka kwana a ajin 'yan aji uku. Washegari gari ya waye tas, rana ƙwal. Nan zargi ya juyo kansa. Ina katafila? Ina guguwa? Aka fara ƙus-ƙus cewa tsufa ya kama shi, wasu suka ce ɓarayi ne suka haɗa baki da shi don a bar musu layi. Maza biyar suka ce za su koma. Kaka ya sa aka ja masa kujerar malami zuwa ƙofar makarantar ya zauna, ya gitta sandarsa, duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Je ka mana. Ka gaishe min da direban katafilar." Ba wanda ya wuce.

Ana kiran la'asar gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunyar Mama. Iska ta fara da ledoji, ta koma kan bokitai, sannan muka ga tankin ruwan wani yana birgima a titi shi kaɗai kamar ya makara zuwa aiki. Ruwan ba daga sama yake saukowa ba, daga gefe yake zuwa. Yara na kuka, ana salati a kusurwa ɗaya, Mama da mutanenta na addu'arsu a ɗayar. Can sai muka ji wata ƙara daga wajen tsaunin, kamar tifa goma sun juye tsakuwa lokaci guda.

Da safe muka hau. Gidaje huɗu na sama babu su. Inda ɗakin Mama yake, wani dutse ne zaune wanda ya fi motar bas girma. Ta tsaya tana kallo, hannunta na bin kan jikokinta ɗaya bayan ɗaya, in ta kai na huɗu sai ta sake farawa.

Zaftarewar ta tsaya saura gida biyu ta iso namu. Gidajen da ke dama da hagu da mu suna tsaye da rufinsu. Namu ne kawai a ƙasa. Ba dutse ne ya taɓa shi ba. Bulon laka ne da aka bari ba rufi a ruwan nan, ya narke kamar sukari a shayi. Baba ya tsaya a inda ɗakinsu yake, laka har idon sawu, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa mahaifinsa ba, kuma a gaban mutane.

"Da ka bar kwanon nan, da gidanmu na nan. Zarginka ya yi abin da katafila ba ta yi ba."

Kaka ya sunkuya ya zaro wata buta daga cikin laka ya girgiza ta.

Mu muka kama hayar ɗaki ɗaya, shi kuma Gwaggo ta tafi da shi Jiwa. Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi da dattijo ya tare a gidan surukinsa. Mutumin da ya gina gida uku da hannunsa ya koma yana jiran mijin 'yarsa ya fita kafin ya fito alwala. Baba kan je gaishe shi duk Juma'a, su yi gaisuwa mai tsawo wadda ba komai a cikinta. A layi kuwa har yau ana musu. Wasu na cewa sa'a ce, ya tsorata da jita-jitar rusau Allah ya sa abin ya zama alheri. Bai taɓa gyara wa kowa ba.

Mako guda kafin rasuwarsa na je hutu. Ya rame, yana kwance a inuwar mangwaro, ina yi masa fifita. Wani abu ya daɗe yana ci na, sai na tambaya.

"Kaka, ranar da ka sa aka cire kwano, ka manta ne cewa bangon laka ne?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Shekara nawa ina kwaɓa laka kafin a haifi ubanki? Ke za ki koya min abin da ruwa ke yi wa bango?"

"To ka sani ke nan gidan zai faɗi."

"Gida ɗaya ne a layin da zan iya rushewa ba wanda zai kai ni ƙara."

Na daina fifitar. Na ce, "Me ya sa ba ka gaya wa Baba ba? Har yanzu yana ganin..."

"Don ya zo ya durƙusa yana kuka yana jiƙa min tabarma? Maganar da ya faɗa ta fi yi masa nauyi fiye da ni. In ya san gaskiya ina raye, ba zai iya haɗa ido da ni ba, ni kuma ina son ganin idon ɗana." Ya yi tari, ya gyara kwanciya. "Zan ce kada ki faɗa, amma na san ki. Ki dai bari sai na tafi."

Na bari, Kaka. Wannan takardar Baba zan fara miƙa wa kafin kowa.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.